Kurakuran da aka fi yi wajen yi wa manhaja faci tana cikin aiki

Duk mai kula da sabar a Gusau, ta cibiyar jarrabawar kwamfuta ce ko ta bayanan asibiti, ba abin da yake gudu irin kashe ta da rana tsaka jama'a na kan layi. Shi ya sa faci a raye, wato toshe ramin tsaro ko gyara kuskure a manhaja ba tare da an kashe na'ura ba, ya samu karɓuwa. Kamfanin Red Hat ya fito da manhajar yin hakan mai suna kpatch a 2014, kamfanin SUSE ya kawo tasa, kGraft, a shekarar, sannan dabarar ta shiga kanel ɗin Linux 4.0 a 2015 (kanel shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura).

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sabunta fayil a zaci an gama. Manhajar da ke gudana ta riga ta ɗora tsohon kwafi a ƙwaƙwalwa, da shi za ta ci gaba da aiki. Lokacin matsalar Heartbleed a Afrilun 2014, wani ramin tsaro a manhajar ɓoye bayanai ta OpenSSL, wanda ya sabunta OpenSSL bai sake tayar da sabar yanar gizonsa ba, ƙofarsa a buɗe take. Facin kanel ba ruwansa da wannan. A Linux na Ubuntu da Debian ka gudanar da umarnin needrestart, a Red Hat kuma needs-restarting, za su nuna maka manhajojin da ke riƙe da tsohon kwafi, sai ka tayar da su kaɗai.

Sai kuskuren da ya fi shafar mu a nan. Facin a ƙwaƙwalwa yake zaune. Idan wuta ta ɗauke, batirin inbata ya mutu cikin dare, na'urar za ta tashi da tsohon kanel, ramin da ka toshe ya dawo, sai fa idan ka saita facin ya riƙa hawa da kansa. Ni dai na fi son a sauke sabon kanel ɗin ma a ajiye, ranar da ta kashe kanta ta tashi da shi.

Wasu kuma da zarar umarni ya wuce ba ƙorafi sai su tafi shan shayi. Leƙa babban fayil ɗin facin a /sys/kernel/livepatch, ka duba fayil mai suna transition. Idan 1 ka gani, akwai aikin da bai koma kan sabon gyaran ba tukuna. Jira ya zama 0.

Gyaran da ya sauya tsarin bayanai a cikin kanel yakan gagari faci a raye. Irin wannan, sanar da ma'aikata tun da wuri, ka zaɓi bayan Isha'i ko daren Juma'a, ka kashe ka kunna.