Kafin a shiga hanyoyin fadamar Argungu da mota

Jama'a, duk wanda zai bar kwalta ya nufi ƙauyukan fadamar Argungu, musamman a watan Agusta da ruwa ke kan ganiyarsa, ya kamata ya kai motarsa wurin bakanike kwana biyu kafin tafiya, a duba birki da baƙin mai da fambel da ruwan lagireto, a kuma kakkaɓe matatar iska.

Abin da na fi jin tsoro shi ne taya. A tabbatar safaya tana da iska, sannan a ɗauki jak tare da guntun katako mai kauri, domin a ƙasa mai laushi jak nutsewa yake yi maimakon ya ɗaga mota. Na taɓa kwana a gefen wata gonar shinkafa saboda rashin wannan katakon, ina kallon jak yana shigewa cikin laka kamar an dasa shi. Idan an iso rairayi, a rage iskar tayoyi zuwa kamar 20 a ma'aunin iskar taya (PSI), domin tayar ta baje ta daina tona rami, amma a riƙe famfo a mayar da iskar da zarar an hau kwalta.

Shebur da igiyar ja da jarkar mai su kasance a but. In an tarar da ruwa ya yanke hanya, a sauka a auna zurfinsa da sanda, kuma bayan an haye a riƙa taka birki a hankali har ya bushe.