Yadda ake fara shigar da dangi cikin manhajar salsala

Akwai manhajoji da dama na ajiye tarihin zuriya, amma a nan da Gramps za mu yi misali. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma bayananka a kwamfutarka suke zama, ba sai da intanet ba. Ƙa'idar aikin guda ce: sau ɗaya ake shigar da mutum, sannan a riƙa haɗa shi da duk wanda ya shafa.

Kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauki takarda ka zauna da dattawan gida, musamman gwaggo da inna, don su ne suka fi riƙe wa ya haifi wa. Rubuta abin da aka faɗa, wanda ya faɗa, da ranar.

Bayan ka girka manhajar, ƙirƙiri sabuwar bishiyar iyali ka sa mata suna. Shiga sashen mutane, danna alamar ƙari, ka fara da kanka. Kada ka fara da kakan kakan da ake jin labarinsa. Daga abin da ka tabbatar ake hawa zuwa abin da aka ji. Ka mai da kanka mutumin farko na bishiyar, ta yadda in ka ɓace cikin rassa, dannawa ɗaya za ta dawo da kai.

A wurin suna ake fara samun matsala. An tsara gurabun ne bisa al'adar Turawa ta sunan gida da ake gada, mu kuwa sunan uba muke bi, wani kuma sunan gari ko unguwa. Gramps tana da wurin da ake nuna asalin suna na biyu: na uba ne, na wuri ne, ko na sana'a. Yi amfani da shi, kuma tsarin da ka zaɓa ka tsaya a kansa har ƙarshe. Sunan yanka shi ne babban suna. Laƙabi irin su Ɗanjuma, Talatu, Baffa ko Ummi suna da nasu gurbi, haka ma Alhaji, Malam da sarauta. Mace da sunan mahaifinta ake shigar da ita, ba na miji ba, in ba haka ba ranar da ka zo neman danginta hanya ta toshe. Rubutu ma a daidaita shi: Muhammadu, Muhammad da Mamman, in mutum ɗaya ne, ɗaya a babban gurbi, sauran a jerin wasu sunayensa.

Sai haɗa mutane. A Gramps ba a ɗaure ɗa da uba kai tsaye. Ana buɗe iyali ne, wato uba da uwa da 'ya'yansu. Don haka kowane aure iyali ne daban. Mai mata uku iyalai uku gare shi, 'ya'yan kowane ɗaki ƙarƙashin uwarsu. Matar da ta yi aure biyu ita ma haka. Abin lura: in za ka buɗe iyali na biyu, kada ka danna maɓallin sabon mutum don sa mijin, maɓallin zaɓo wanda yake ciki za ka danna. Wannan kuskure ne ke haifar da Malam Garba uku a bishiya ɗaya, kowanne da ɗaki guda. Auren zumunci ma haka yake: amarya tana ciki tun farko a matsayin 'yar baffa, zaɓo ta kawai. In an riga an maimaita mutum, akwai kayan aikin da ke zaƙulo masu kama da juna a haɗe su, sai dai a duba da kyau kafin a haɗe, domin jika da kakan da aka yi wa takwara suna ɗaya suke da shi.

Ɗan riƙo da agola akwai zaɓinsu a wurin da ake nuna alaƙar yaro da uba da kuma uwa. Sa shi a gidan da aka haife shi a matsayin ɗan ciki, sannan a gidan da ya tashi a matsayin riƙo. 'Yan'uwantakar shayarwa ba ta da gurbi na musamman, a rubuta ta a bayanin kowannensu, don ranar maganar aure za a neme ta.

Kwanan wata kuma kada a ƙirƙira. Manhajar tana karɓar “wajen”, “kafin”, “bayan” da “tsakanin”. Tsohuwa ta ce an haife ta shekarar da aka kashe Sardauna, sai ka sa wajen 1966. Shekarar da aka koma naira, 1973. Wanda ya cika gurbi da 1 ga Janairu don kawai kada ya bar shi fayau, ya bar wa na baya ƙaryar da za su ɗauka gaskiya ce. Tana kuma karɓar kalandar Hijira, ba sai ka juya da kanka ba. Kowane kwanan wata a liƙa masa majiyarsa: takardar haihuwa ce, katin makaranta, ko bakin wane.

Hotuna a tara su a babban fayil guda tun farko. Gramps ba ta kwafe hoto zuwa cikinta, hanyar zuwa inda yake kawai take riƙewa, in ka matsar da shi sai ta neme shi ta rasa.

Duk lokacin da ka gama zama, yi ajiyar kwafi a filashi ko wata na'ura daban. In za ka tura wa ɗan'uwa mai wata manhaja, fitar da bayanan a tsarin GEDCOM, wanda kusan dukkansu ke karantawa, amma hotuna ba sa bin sa. Kafin turawa, sa alamar kwaɗon kulle a kan abin da yake sirri, kuma a wurin fitarwa ka zaɓi ɓoye bayanan waɗanda ke raye.