Yadda Nake Goge Dutsen Hematayit a Injin Juya Duwatsu

Hematayit dutsen tama ne, ƙarfe ne da ya haɗu da iskar oksijin, dangin abin da ake haƙa a Itakpe ta jihar Kogi. Idan ya gogu yadda ya kamata yana fitowa baƙi mai sheƙin azurfa, har ka hango fuskarka a jikinsa. Sai dai wanda ya saba juya aƙiƙ, wani dutsen ado mai tauri, a injinsa, in ya ce zai bi da hematayit ta hanya ɗaya, ƙarshenta zai buɗe gangar injin, wadda duwatsun ke juyawa a cikinta, ya tarar da duwatsun sun zaizaye, gefunansu duk sun ɓantare. Aƙiƙ yana kusan mataki na 7 a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, kuma yana jure duka. Hematayit yana tsakanin 5 da 6.5, ga gautsi, ga nauyi kusan ninki biyu na aƙiƙ mai girmansa. Wannan nauyin da gautsin su za ka yi ta lallaɓawa daga farkon aikin har ƙarshensa.

Ka fara da tabbatar da abin da ke hannunka. Kifa tayil ɗin ɗaki, ka goga dutsen a bayansa inda ba a shafa ƙyalli ba, ko a gindin kofin tangaram. Hematayit na gaske, ko da baƙi ne wuluk, jan layi zai bari mai kalar tsatsa. In layin ya fito baƙi, wani dutsen ne, watakila magnetayit. Daga nan ka kawo mayen ƙarfe kusa da shi: na gaske da ƙyar yake amsawa, galibi ma ba ya motsi. Waɗannan duwatsun carbi da na abin hannu da ake sayarwa a kasuwa suna manne wa juna, ana cewa hematayit ne mai maganin ciwon gaɓoɓi, haɗin masana'anta ne, ba su da abin yi a ganga.

Cikin na gasken ma ba kowanne ne ke goguwa ba, kuma a nan aka fi yin asarar lokaci. Wanda nake nema shi ne dunƙulalle mai nauyi a hannu, wanda in ka duba inda ya fashe za ka ga jikinsa a haɗe, babu ramuka. Irin wannan ya fi zuwa daga Burazil, yankin Minas Gerais. Akwai mai walƙiya da ke barin ƙyalƙyali a yatsa in ka murza shi. Kyakkyawa ne a ido, amma ɓarewa zai yi ta yi a ganga, ɓarɓashinsa yana karce sauran. Akwai ja mai laushi da ke shafa wa hannu kala, wannan narkewa zai yi ya koma laka. Marmarar da ke cike da garuruwanmu ita ma akwai ƙarfe a jikinta, amma duk ramuka ce, kada ka wahalar da injinka a kanta. Ka zaɓi ƙanana, daga girman gyaɗa zuwa na goro. In za ka fasa babba da guduma, naɗe shi a tsumma, ka sa gilashin kare ido.

Yawancin ƙananan injinan gangar roba gare su mai ɗaukar fam 3, wato kilo 1.4 ko kusa da haka. Ƙa'idar da aka sani ita ce a cika ganga kashi biyu cikin uku. In ka cika wannan da hematayit zalla, ka wuce nauyin da motar injin za ta iya ja, bel zai riƙa zamewa, motar ta ɗau zafi. Ni rabi nake yi da rabi: rabi hematayit, rabi ƙwayoyin tangaram da ake sayarwa tare da kayan injin. Tangaram yana rage nauyi, yana shiga tsakanin duwatsun ya hana su gwaruwa, yana kuma kai garin gurza cikin lunguna. Kada ka cike gurbin da aƙiƙ ko farin dutsen kwaz, sun fi shi tauri, za su cinye shi. In injinka daga Amurka aka kawo shi, duba rubutun jikin motar tukuna, don nasu na wuta mai ƙarfin bolt 120 ne, namu kuwa 230.

Zagayen farko da garin gurza na silikon kabaid mai lamba 60/90 ake yi, wato mai kaushi, don ƙaramar lamba kaushi ce, babba kuwa laushi. Babban cokali biyu, ba a tula ba, ga kowane fam ɗaya na kayan da ke ganga. Zuba ruwa har ya kusa taɓa duwatsun sama, kada ya shanye kansu. Goge bakin gangar tas kafin ka rufe, don ƙwayar gari ɗaya a bakin murfi ta isa ta sa yoyo. Aƙiƙ yakan yi makonni a wannan mataki, amma hematayit ka buɗe bayan kwana uku ko huɗu ka duba, saboda yana cinyewa da sauri. In duwatsun da ka saya dama ba su da kaifin gefe sosai, tsallake wannan garin ka fara da 120/220. Za ka fi samun girmansu a ƙarshe.

Ranar da ka fara buɗewa kada gabanka ya faɗi. Ruwan zai fito ja jawur kamar an yi yanka a ciki, garin dutsen ne kawai. Amma yana kama kaya ƙwarai: farar riga, siminti, layin tsakanin tayil, ƙarƙashin farce. Sa safar hannu ta roba da tsofaffin kaya, ka yi wankin a waje. Ɗora kwandon roba a kan bokiti, ka juye, ka ɗauraye a nan. Lakar kuma kada ta shiga bututun wanke-wanke ko na banɗaki, don tana kwanciya ta daskare ta toshe shi. Bar bokitin ya kwana, ka tsiyaye ruwan sama, lakar ta bushe ka zubar da ita a shara.

Sai ka bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Wanda ya yi sumul ya wuce gaba. Wanda ke da rami ko tsaga ya koma zagayen farko, ko a fitar da shi gaba ɗaya, domin ramin nan zai ɓoye gari mai kaushi ya sake shi a zagayen ƙarshe. Mai tsaga kuma yana iya rabewa biyu ana tsakiyar aiki, kaifinsa ya bi sauran da karce. Kada ka bar su su bushe da laka a jiki, tsoma su a ruwa kana wankewa da tsohon buroshin haƙori.

Mataki na biyu 120/220, mako guda. Na uku lamba 500, shi ma mako guda. Tsakanin kowanne a wanke duwatsu, tangaram, ganga da murfi har sai ruwa ya fita fes. Abin da za ka lura shi ne kayan suna raguwa, kuma gangar da ta yi ƙasa da rabi jefa duwatsu take yi maimakon ta gangaro da su. Ƙara tangaram ka mayar da ita kashi biyu cikin uku, a matakan ƙarshe ma har uku cikin huɗu. Kunnenka zai gaya maka: in kana jin ƙwas-ƙwas, suna dukan juna ne, abin da ake so shi ne shuu mai taushi, babu ƙara. Sabon tangaram yana da kaifin baki, don haka wanda ya riga ya sha juyi za ka ƙara. Masu amfani da ƙwayoyin roba su ware na kowane mataki daban, saboda gari yana nutsewa a jikin roba, wanki ba ya fitar da shi.

Batun wuta kuma dole a faɗe shi. In aka ɗauke ta na wasu awoyi, gari da laka suna kwantawa a ƙasa su ƙame, in ta dawo sai gangar ta riƙa juya dunƙule guda. Ɗauke ta ka girgiza a hankali har ka ji komai ya saki, sannan ka mayar. Awoyin da injin ya yi yana juyi za ka lissafa, mako guda yana nufin awa 168. Motar ba ta cin wuta sosai, mai sola da inbata ya huta da wannan. Ka riƙa duban gindin gangar kuma, in ya kumbura iska ce ta taru, buɗe ka sake ta.

Kafin hodar sheƙi, in kana da aluminiyam oksaid mai lamba 1000, ba shi kwana huɗu ko biyar. A aƙiƙ ana iya tsallake wannan, a hematayit kuwa ina ganin bambancinsa ƙarara, don jikinsa mai kama da ƙarfe yana tona kowane ɗan karce. Bayansa sai hodar sheƙi ta aluminiyam oksaid, mako guda zuwa kwana goma, a ganga mai tsabta, in da hali ma wadda aka ware don wannan kaɗai. Daga ƙarshe ka kankare ɗan farin sabulu maras turare, kamar rabin cokali, ka juya da ruwa mai tsabta na awa ɗaya ko biyu don ya fitar da ragowar hoda.

Jiƙaƙƙen dutse kowanne sheƙi yake yi, saboda haka shanya ɗaya ya bushe kafin ka yanke hukunci. In ya fito da hazo-hazo da siraran layuka, gari ne ya tsallako daga baya, ƙarin kwanaki a hodar sheƙi ba zai gyara ba, sai an koma 500. In tsakiya ta yi ƙyalli amma gefuna sun yi fari-fari, gwaruwa ce, ka koma 120/220 da ƙarin tangaram. Gangar kuma jan ba ya fita daga robarta da wuri. Juya ta da tangaram da sabulu na yini guda kafin ka zuba mata fararen duwatsu, in ba haka ba masu tsaga cikinsu za su fito da jan layi.