Yadda ake hana power() cinye lambobi a PostgreSQL

Fara da gwajin da zai nuna maka ciwon ƙuru-ƙuru. A manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, rubuta SELECT power(3, 40), wato a ninka 3 da kanta har sau 40. Amsar gaskiya ita ce 12157665459056928801, amma abin da zai fito maka 1.2157665459056929e+19 ne. Wutsiyar lambar ta tafi.

Dalili shi ne power() iri biyu ce a PostgreSQL, ɗaya ta double precision (nau'in lamba mai riƙe kimantawa), ɗaya ta numeric (nau'in lamba mai riƙe adadi cif). In ka ba ta lambobi marasa ɗigo, ta double take zaɓa, ita kuwa lambobi 15 kawai take riƙewa da tabbaci. Alamar ^ ma halinsu ɗaya.

A nan masu koyo suke faɗawa rami, ni ma na faɗa. Mutum zai rubuta power(3, 40)::numeric don juya amsar zuwa numeric, ya ga alamar e ta ɓace, hankalinsa ya kwanta. Duba da kyau: 12157665459056900000 aka ba shi. An riga an yi ɓarnar a cikin lissafin, sifirai kawai aka jera a gurbin abin da ya salwanta. Na kwana biyu ina bin sawun wani rahoto da jimillarsa ta ƙi daidaita, ashe wannan ne. Juyawar kamata ya yi ta zo kafin lissafi, wato power(3::numeric, 40), sai lambobi 20 ɗin su fito cif.

Kuma ka duba ɓangarorin biyu. In ɗaya numeric ne, ɗayan kuma daga ginshiƙin double ya fito, duka lissafin double zai koma. Ni dokata, duka biyun nake juyawa ko da na san nau'insu. Haka in kana neman saiwa (square root) da power(), kada ka rubuta 1/2, domin raba lambobi marasa ɗigo 0 yake bayarwa, amsarka ta zama 1. Rubuta 0.5.

Za a ce maka numeric ya fi nauyi. Gaskiya ne, yana cin lokaci, amma a lissafin kuɗi ban yarda a yi ciniki a kan wannan ba.

Saura tebur. Canza nau'in ginshiƙin zuwa numeric da ALTER TABLE, sannan ka sake lissafa tsofaffin amsoshi daga tushe, don canza nau'i ba ya dawo da abin da ya ɓace. Yi round(), mai taƙaita lambobin bayan ɗigo, sau ɗaya tak, a ƙarshe. In kuma JavaScript ne zai karɓi amsar, miƙa masa ita a matsayin rubutu, domin lambarsa ma double ce.