Babi na Bakwai: Na'urar da Ke Kwaikwayon Mutum

Darasi na 1: Mece ce ita?

Ku karanta a hankali, ku riƙa bin layi da yatsa. Ba gaggawa.

Ƙirƙirarriyar basira manhaja ce da aka ɗura wa rubuce-rubuce da hotuna da muryoyi masu ɗimbin yawa har ta iya kwaikwayonsu. Manhaja kuwa ita ce abin da ke aiki cikin waya, kamar WhatsApp. Ɗaya daga cikin manhajojin ƙirƙirarriyar basira ita ce ChatGPT, wadda kamfanin OpenAI na Amurka ya fitar a watan Nuwamban 2022. Kana tambaya, tana amsawa. Sai dai takan yi kuskure, kuma ta faɗe shi kamar gaskiya.

Darasi na 2: Muryar da ba ta mai ita ba

Nan ne ake tuntuɓe, don haka za mu daɗe.

Na'urar na iya ɗaukar guntun sautin mutum ta yi magana da muryarsa. Waya ta yi ƙara, ka ji ɗanka yana kuka, wai a turo kuɗi yanzu-yanzu, alhali ɓarawo ne ke kwaikwayon muryarsa. Hankalinka zai tashi, kowa ma haka ne.

Ka katse kiran. Ka shiga wurin sunaye. Ka nemo sunansa da ka ajiye da hannunka. Ka kira shi.

Mu sake. Ba lambar da ta kira ka za ka kira ba. A gwajin aji na ga yatsa na tafiya kai tsaye kan lambar da ke can sama, wato wadda ta kira yanzu. Wannan ta ɓarawon ce. Wurin sunaye za ka shiga. Wanda ya yi kuskure ya sake, ba abin kunya ba ne.

Amma haba jama'a! Sau uku muka gwada, har yanzu wasu na danna ta sama. Guminku ne fa zai tafi. Katse, nemo suna, kira.

Darasi na 3: Ayyukan yi

A 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ya ce wannan fasaha za ta shafi kusan kashi 40 cikin 100 na ayyukan duniya. Wato huɗu cikin goma. Wani za ta sauƙaƙa masa, wani ta karɓe masa, musamman masu aikin rubutu da fassara da amsa kiran abokan ciniki.

Darasi na 4: Hoto da bidiyo

Su ma ana ƙirƙirarsu. Kada ka tura abin da ba ka tabbatar ba.

Aikin gida

Ajiye lambobin mutum uku na gida da sunayensu. A zo da waya gobe, za mu maimaita Darasi na 2.