Yadda Ake Tsara Sabunta Ubuntu Ba Tare Da Ya Faɗo Cikin Aikin Hajji Ba

Yaran da ke kula da kwamfutocin masu masaukin alhazai a nan Makka kuskure ɗaya suke maimaitawa: da sun ga sabuwar sigar Ubuntu, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ta fito sai su ɗora. Fara da buga lsb_release -a a Terminal, wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka ga sigar da ke kan na'urarka. Lambar kwanan wata ce, 24.04 na nufin Afrilun 2024. Ubuntu na fitowa sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, amma mai dogon zango, wato LTS, sai Afrilun shekara mai cika biyu-biyu, kuma ita ake yi wa gyaran tsaro shekara 5. Sauran wata 9 kacal. A wurin aiki kada ka sa abin da ba LTS ba, ko da wa ya ba ka shawara.

Mataki na biyu shi ne ya taɓa kayar da ni. Nemo ranar da tallafin sigarka zai ƙare, ka mayar da ita kalandar Hijiriyya, ka rubuta a takarda ka manna jikin na'urar. Masu manhaja da kalandar Miladiyya suke lissafi, mu kuwa aikinmu wata yake bi, kowace shekara Hajji na matsowa da kusan kwana 11. Tallafin 20.04 ya ƙare a ƙarshen Mayun 2025, Arfa ta kama 5 ga Yuni. Na farga alhazai sun cika gari. Cikin gaggawa na ɗaga zuwa 22.04 da daddare, Python, harshen da ake rubuta manhaja da shi, ya tashi daga 3.8 zuwa 3.10, manhajar rabon ɗakuna ta ƙi buɗewa. Da asuba maigidan yana tsaye kaina, motar Madina ta iso da dattawa, yana cewa, “Ɗana, a ina zan sauke su?” Da biro da littafi muka raba ɗakuna ranar.

Saboda haka sa aikin a Muharram ko Safar, bayan alhazai sun watse. Kada ka kusanci Ramadan. Idan lokaci ya ƙure maka, kunna Ubuntu Pro, tsarin ƙarin tallafi na masu Ubuntu, yana kai gyaran tsaro shekara 10, kuma kyauta ne har na'ura biyar ga mai amfanin kansa. Da na san wannan a lokacin da ban taɓa komai ba.

Duba wa'adin tallafin manhajojin da ke zaune a kan Ubuntun ma. Kowace sigar Python shekara 5 take samu, Django, kayan gina manhajar yanar gizo da Python, mai dogon zangonsa shekara 3.

Sai ka kwafe bayananka a wani faifai daban, ka gwada a tsohuwar kwamfuta tukuna, ko ta hannu ce ta riyal kaɗan. Jira fitowar .1, wato gyararriyar fitowa ta farko kamar 24.04.1, kafin ka buga do-release-upgrade, umarnin ɗagawa zuwa sabuwar siga. Ba a tsallake: daga 20.04 sai 22.04, sannan 24.04. In ka gama, gwada firinta kafin ka tafi gida.