Yadda baƙo zai gyara takardun zamansa a Maraɗi, daga bakin iyaka har neman zama ɗan ƙasa

Mutumin Katsina ko na Jibiya in ya sauka Maraɗi ba ya jin ya bar gida. Harshe ɗaya ne, sarautar garin ma ta Katsina ce, wataƙila kuma gwaggonsa na aure a Bagalam ko Sabon Gari. Shi ya sa za ka tarar da mutum ya shekara goma yana kasuwanci a nan, ba shi da ko ƙyallen takardar da ke nuna da izini yake zaune. A da ana kau da kai. Amma tun da aka fitar da dokar shiga da zaman baƙi ta 13 ga Janairun 2025, an tsaurara. Dole baƙo ya riƙe takardar tafiya ko ta zama, dole mai masauki ya sanar da 'yan sanda wanda ya sauke, kuma dokar ta tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 5 da tarar sefa miliyan 5 zuwa 50 a kan manyan laifuffukan da ta lissafa. Ranar bincike, zumunta ba za ta tsaya maka ba.

Fara da tambayar kanka: ni baƙo ne kuwa?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Dokar zama ɗan ƙasa ta Nijar, wadda aka kafa a 1984, ta ce wanda aka haifa a Nijar, kuma mahaifinsa ko mahaifiyarsa su ma a Nijar aka haife su, ɗan ƙasa ne. Gyaran da aka yi a 1999 ya ba mace 'yar Nijar damar ba ɗanta ƙasa kamar yadda uba ke bayarwa. Ke nan wanda uwarsa 'yar Madarumfa ce, ubansa ɗan Zamfara, ba katin zama ya kamata ya nema ba. Abin da ke gabansa shi ne ya tafi kotu ya nemi takardar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda mutane ke kira nasiyonalite, da takardar haihuwarsa da ta uwar a hannu. In ba a taɓa yi masa takardar haihuwa ba, sai ya fara neman jujuma, wato hukuncin alƙali da ke maye gurbinta, tare da shaidun da suka san haihuwarsa. A garin da aure ke ƙetare iyaka kullum, masu irin wannan matsayi suna da yawa, kuma wasunsu na ta ɓuya daga 'yan sanda a ƙasar da take tasu.

In ka tabbata kai baƙo ne, to aikin daga iyaka yake farawa.

Shiga ta ƙofa, a buga maka hatimi

Mai zuwa daga Katsina ya bi ta Magama Jibiya da Ɗan Isa, ya tsaya a ofishin 'yan sandan iyaka a buga masa hatimin shiga. Na san hanyar babur ta daji ta fi sauri, ta kuma fi arha. Sai dai wannan ɗan hatimin shi ne shaidar ranar da ka shigo, daga shi ake fara ƙidayar kwanakinka, kuma shi za a fara nema ranar da ka je neman katin zama.

Batun biza ya danganta da ƙasarka. Yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO ko ECOWAS, ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana 90. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025, amma tun a Disambar 2024 ƙawancensu na AES ya sanar cewa 'yan ƙasashen CEDEAO za su ci gaba da shiga ba tare da biza ba. Rashin biza ba ya nufin rashin takarda. Shawarata ka riƙe fasfo mai rai maimakon dogaro da katin shaida kawai, domin shi ne ba a jayayya a kansa, ka haɗa da katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan. Wanda ƙasarsa ke buƙatar biza kuwa, ya karɓo ta a ofishin jakadancin Nijar kafin ya taso. Ga wanda ke arewacin Najeriya, akwai ƙaramin ofishin jakadancin Nijar a Kano.

Katin zama

Wanda zai wuce wata uku ya nemi katin zama tun kwanakinsa ba su ƙare ba. Sashen 'yan sanda mai kula da shige da fice, wato DST, shi ke da wannan aiki, kuma hedkwatarsa na Yamai. Kada ka kama hanyar Yamai tukuna. Fara zuwa ofishin 'yan sanda na jihar Maraɗi ka nemi jerin takardun da ake buƙata a yanzu da kuɗin kowace, ka rubuta da hannunka, domin ka'idoji sun yi ta sauyawa a 'yan shekarun nan.

Abin da aka saba tambaya shi ne fasfo, hotuna, takardar shaidar inda kake zaune, takardar kotu mai nuna ba ka da laifi, takardar likita, da shaidar abin da kake ci da shi, ko takardar ɗaukar aiki, ko rajistar kasuwanci, ko shaidar makaranta. Ana kuma iya neman katin da ofishin jakadancin ƙasarka ke ba 'yan ƙasarsa mazauna waje. Tsarin tattara su yana da muhimmanci. Takardar kotu wata uku take yi ta mutu, saboda haka ita za ka bari ƙarshe. Fara da wadda ta fi cin lokaci, wato fasfo da katin jakadanci.

Ga wurin da takardu suka fi lalacewa. Najeriya na rubuta suna da tsarin Ingilishi, Nijar da na Faransanci. Mutum ɗaya sai ya zama Usman a fasfo, Ousmane a takardar makaranta, a wata kuma an sa sunan kakansa a gurbin na uba. Ma'aikaci ba ya duban fuska, harufa yake dubawa. Zaɓi rubutun da ke cikin fasfonka, ka tsaya a kan magatakarda ya kwafe shi harafi da harafi, haka ma ranar haihuwa. Wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da wanda ya iya, a karanta masa kafin a sa hannu. Gyara bayan an buga hatimi sai an koma kotu.

Duk kuɗin da ka biya, karɓi rasit. Masu tsayawa a bakin ofis suna cewa “Alhaji, kawo in shigar maka, yau za ta fito”, ka gaishe su ka wuce. In katin jabu ne, a hannunka za a kama shi. Idan ka ajiye takardunka a ofis, karɓi shaidar ajiya ka riƙa yawo da ita har katin ya fito. Ka yi kwafin komai, ka ɗauki hotonsa a waya, ka kuma sabunta katin kafin ya mutu. Tsofaffin katunan kada ka yar da ko ɗaya, dalilin na zuwa.

Wanda 'yan bindiga suka koro daga Sakkwato ko Zamfara ko Katsina, kamar dubban da suka kwararo yankin Gidan Rumji tun 2019, hanyarsa daban ce. Shi rajistar ɗan gudun hijira zai yi wajen hukumar ƙasa mai tantance 'yan gudun hijira tare da HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ke da ofis a Maraɗi. Wannan rajista kyauta ce.

Aure da haihuwa

Ɗaurin aure a ƙofar gida ya halatta a addini, amma hukuma ba ta san da shi ba sai an kai shi ofishin magajin gari an rubuta. Haka haihuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a sanar da ita, wanda ya wuce wa'adin sai ya bi ta kotu. Baƙo ma ya yi wa ɗansa, domin wannan takarda ce wata rana za ta tabbatar wa jikansa cewa ubansa a Nijar aka haife shi.

Neman zama ɗan ƙasa

Hanyar gama-gari tana buƙatar shekara 10 na zama a Nijar. Ba faɗa da baki ake yi ba, sai da shaida, kuma a nan tsofaffin katunan zama da rasit na haraji da takardun haihuwar yara ke yin amfani. Ana rubuta takardar buƙata, ta isa ma'aikatar shari'a, a yi bincike kan halinka da sana'arka, har unguwa ana iya zuwa tambaya, sannan in an yarda a fitar da dokar shugaban ƙasa mai ɗauke da sunanka. Cika sharuɗɗa ba ya tilasta wa hukuma ta bayar, kuma abin yana ɗaukar lokaci, don haka ci gaba da sabunta katin zamanka kana jira.

Hanyar aure ta fi gajarta. Gyaran 2014 ya daidaita miji da mata: baƙuwar da ta auri ɗan Nijar, ko baƙon da ya auri 'yar Nijar, na iya nema bayan shekara 3 da auren da hukuma ta rubuta, in suna zaune tare. Wannan gyaran ne kuma ya halatta riƙe ƙasa biyu. Ɗan Najeriya na haihuwa ba ya rasa tasa don ya karɓi wata, haka tsarin mulkinsu na 1999 ya tanada. Ɗan wata ƙasar kuwa ya fara tambayar ofishin jakadancinsa, domin akwai ƙasashen da ke soke taka ranar da ka karɓi ta wani.

Idan dokar ta fito, karɓi kwafinta ka kai kotu a ba ka nasiyonalite. Da ita za ka yi katin ɗan ƙasa a komisariya, wato ofishin 'yan sanda, sannan fasfo.